Zanen da ruwa ya bari a bango

Wani ƙanena da ke dako a kasuwar Mil 12 da ke Legas ya kama ɗaki a Agiliti cikin watan Janairu, shi da abokansa huɗu. Ya kira ni yana ta murna, wai ya samu wuri mai sauƙin kuɗi, ga shi da ƙafa ma sai ya taka zuwa kasuwa. Da na je ganin ɗakin, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wani zane mai ruwan ƙasa da ya zagaye bangon, daidai ƙugun mutum, a miƙe sak kamar da igiyar magini aka ja shi. Na nuna masa. Ya ce, "Ai datti ne, Yaya." Wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da gawayi a ƙofar gidan ta ga inda nake nunawa, ta yi dariya, ta dafa ƙugunta, sannan ta miƙa hannu wajen kogi. Ba ta jin Hausa, mu ma Yarabancinmu na gaisuwa ne, amma ta gama bayani. A watan Oktoban shekarar kuwa ruwa ya shigo ɗakin, ya tsaya ƙasa kaɗan da zanen. Ranar ko yayyafi ba a yi ba.

Da a garinmu ne, hakan ba za ta faru ba, in ma ta faru ba wanda zai kira ta ba-zata. Kowane ƙauye a Arewa yana da ilimin ƙasarsa, ko da ba a taɓa rubuta shi ba. An san fadama, an san jigawa, an san kwarin da ba a gini a cikinsa ko ya shekara ashirin a bushe. Yaro yakan tashi yana jin labarin shekarar da ruwa ya ci gidan wane. In saurayi ya fara jera tubali a inda bai dace ba, sai wani dattijo ya tsaya da sandarsa ya ce, "Kai yaro, nan hanyar ruwa ce." Rabin shirin da karkara ke yi wa bala'i ke nan. To mutumin da ya hau mota daga Haɗeja ko Illela ko Funtuwa ya sauka Legas ya taho da ƙarfinsa da sana'arsa da addininsa, amma wannan ilimin ba ya shiga buhu, a gida ya baro shi. Ga shi kuma yawancin 'yan cin rani bayan girbi suke sauka, tsakanin Nuwamba da Janairu, daidai lokacin da Legas ta fi bushewa. Sai su zaɓi wurin kwana a watannin da ƙasa ke ɓoye halinta.

Zangon Hausawa a Legas ƙauye ne a duk abin da ya shafi zaman tare. Akwai sarki, akwai liman, akwai majalisar mai shayi, kowa ya san ɗan garin wane ne ke kwana a wace rumfa. A Agege, inda fataucin goro da layin dogo suka zaunar da Hausawa sama da shekara ɗari, ilimin ƙasa ya taru kamar yadda yake taruwa a gida: akwai tsofaffin da a nan aka binne cibiyarsu, sun san kwatar da ke tumbatsa da layin da ba ya shan ruwa. Matsalar tana sababbin matsugunai ne na bakin gari, wajen Agiliti da Owode da Ajegunlen hanyar Ikorodu, da Kara da ke kan iyakar Legas da Ogun, da masu lambu a gefen Ojo. Wuraren nan suna da sauƙin haya ne saboda dalili, kuma dalilin shi ne ruwa.

Ruwan Legas ba iri ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya haɗa su wuri guda zai yi shirin da ba shi ne ba. Akwai ruwan sama, wanda kowa ya sani. Damina a nan kashi biyu ce: ta fara wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Abin da ke zuba a shekara ya kai ninki biyu na abin da Kano ke samu. Garin kuma shimfiɗe yake, wurare da dama kaɗan suka ɗara teku tsayi. Yawancin kwatocin garin a babban tafkin Legas suke juyewa, shi kuma tafkin haɗe yake da teku. In ruwan sama ya zo daidai lokacin da teku ta ciko, bakin kwata sai ya toshe da ruwa daga waje, na ciki ya rasa mafita, ya tsaya a titi yana jira teku ta ja baya. Shi ya sa za ka ga unguwa ta nutse da safe, da la'asar kuma kamar ba a yi ba. Haka aka yi ranar 10 ga Yulin 2011, da aka wuni ana sheƙa ruwa har aka rasa rayuka, haka kuma aka sake gani a Yulin 2017 da Yulin 2024. Wannan ruwan sauri gare shi, amma ba ya daɗewa.

Ɗayan kuwa shi ne wanda ya shiga ɗakin ƙanena, kuma shi ya fi yaudarar ɗan Arewa. Can kusa da Abekuta akwai madatsar ruwa ta Oyan, wadda aka buɗe a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari. In ta cika a ƙarshen damina dole a rage mata ruwa, don in ta ɓalle abin da zai biyo baya ya fi muni. Wanda ya ga abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ruwan da aka saki yana bin kogin Ogun, ya haɗu da na ƙananan rafuka da suka riga suka cika, ya gangaro Kara da Isheri da Agiliti da Owode kafin ya faɗa tafki. A hankali yake hawa, yau a idon sawu, jibi a gwiwa, rana kuma na tsaka. Ba ya tafiya da wuri, sai ya yi makonni. A Oktoban 2010 ya tashi unguwannin nan, ya maimaita a 2019 da 2023. Mu da muka saba duba gabas mu ga hadari kafin mu kwashe shanya, wannan ruwan ba ta sama yake sallama ba.

Abin takaicin shi ne, a cikin dukan bala'o'in Legas babu wanda ake sanar da zuwansa kamar wannan. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, tana fitar da jerin wuraren da ambaliya za ta iya shafa. Hukumar da ke kula da madatsar Oyan da gwamnatin Legas suna sanarwa kafin a saki ruwa, har da sunayen unguwanni. Sai dai da Turanci da Yarabanci ake sanarwar, a talabijin da jaridu da shafukan gwamnati. Mai dakonmu kuwa kunnensa na kan sashen Hausa na BBC da DW da RFI, da saƙon murya na WhatsApp daga gida. Ya san abin da ke faruwa a Gaza, ya san kuɗin buhun masara a Dawanau, amma bai san gobe za a buɗe ruwan da zai kwana a ɗakinsa ba. Tsakanin sanarwar da kunnensa tazarar ba ta wuce mutum ɗaya ba: wanda zai karanta, ya kai wa liman, liman ya faɗa a lasifika bayan sallar isha'i. A ƙauye sanƙira ke wannan aikin. A nan ba mu naɗa kowa ba.

Kusan kowace unguwa a Legas tana da ƙungiyar ci gaban unguwa da ake kira CDA, kuma ta nan labarin gwamnati ke fara sauka, ta nan ake shirya yashe kwata, ta nan ake rubuta sunayen waɗanda abu ya shafa in an zo rabon tallafi. Mutanenmu ba sa zuwa taronta. Wasu saboda harshe, wasu saboda kuɗin wata-wata, wasu kuma don sun taɓa zuwa an yi musu kallon bare. Duk gaskiya ne. Amma ina ganin kujera ɗaya a wannan taron ta fi mana amfani da rawani goma da ake ta rigima a kansu a zanguna.

Gobara kuma wani babi ne, kuma a nan laifin namu ya fi yawa, gara a faɗa. Shiga kowace baca ta katako da leda da kwano da samarinmu ke kwana ka duba abin da ke ƙarƙashin rufi ɗaya. Jarkar fetur ta mai babur ko mai janareta tana lungu, an rufe bakinta da leda. Tukunyar gas ta mai shayi tana gefen katifa, don kar a sace. Wayar lantarki an ja ta daga maƙwabta, an yi mata joni a kan joni, an liƙe da ledar burodi, caja goma na rataye a soket ɗaya. Ga maganin sauro mai hayaƙi yana ci a kan kwali. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, ajiye fetur a ɗaki ya ƙaru, don kowa na gudun ya wayi gari kuɗin ya tashi. Ƙofa ɗaya ce, tagar kuma an yi mata ƙarfe saboda ɓarayi. Mutum takwas na barci a ciki.

Wutar irin wannan ɗaki mintocin farko ne kawai nata. In an kashe ta a nan an kashe, in ta kama rufi sai dai a ceci na kusa. A cikin mintocin nan ne kuma ake yin kuskuren da ya fi yawa, wato watsa ruwa. Fetur a kan ruwa yake tafiya, ka watsa masa bokiti ka raba wutar gida-gida. Wutar lantarki ka watsa mata ruwa kafin a cire layi, kai ma ka shiga lissafi. Yashi ake so, ko bargo mai kauri da aka jiƙa, ko tukunyar kashe gobara. Bokitin yashi biyu a ƙofar kowace rumfa bai kai kuɗin katin waya ba, a garin da yashi ke zube ko'ina. Gas kuwa ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, daidai inda masu barci a tabarma suke. Wanda ya ji warinsa kada ya taɓa makunnin fitila ko ya ƙyasta ashana ya duba, ya buɗe ƙofa ya tashi mutane. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni kada a bar wuta a gida in za a kwanta barci, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ban taɓa jin an ɗauko shi a huɗuba an haɗa shi da tukunyar gas ba, alhali nan ne gurbinsa a yau.

Lambar neman agaji a Legas 767 ce ko 112, kyauta ake kira, ta nan ake samun 'yan kwana-kwana da hukumar agajin gaggawa ta jihar, LASEMA. Sai dai kira ɗaya ne, kwatance kuma wani abu ne daban. Na taɓa tambayar samari a wata majalisa sunan titin da suke kwana, wanda ya fi ƙoƙari a cikinsu ya ce, "Bayan masallacin 'yan albasa." Wannan kwatance ne mai kyau ga ɗan gari, amma direban motar kashe gobara ba zai same shi ba. In ma ya samu, ina hanya? Layin da aka bari don mota, mai tebur ya ci taku ɗaya, mai rumfa ya ci biyu, mai baro ya ajiye nasa a sauran. Ranar da wuta ta tashi sai motar ta tsaya a bakin titi, mu kuma mu taru muna zagin ta ba ta zo da wuri ba.

Akwai wani abu da muke da shi wanda babu wata ƙabila a Legas da ta kai mu, amma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ƙarfe biyun dare, wa ke farke a garin nan? Mai gadi, da mai shayi, da mai suya da ke kashe garwashi, da masu sauke tumatir daga tirela. Yawancinsu namu ne. Makullin ƙofar layin da ake rufewa da dare, sau da yawa a aljihun ɗan Arewa yake. Shi zai fara jin ƙauri, shi zai fara ganin ruwa ya haura kwalbati. In mutumin nan ya san sunan titinsa, ya haddace lamba uku, ya san ba a kashe fetur da ruwa, an samu ma'aikacin agaji a kowane layi ba tare da an ɗauki kowa aiki ba. Wuni ɗaya a harabar masallacin Juma'a ya isa a koya masa, in sarakunan Hausawa suka nemi 'yan kwana-kwana su zo.

Sai maganar ina za a gudu, wadda ba a cika yin ta ba sai an ga uwar bari. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 rumbun makamai na barikin soja da ke Ikeja ya kama wuta, bama-bamai suka yi ta tashi. Sama da mutum dubu suka rasu, kuma mafi yawansu wuta ba ta taɓa su ba. Gudu suka yi cikin firgici, ba su san me ke faruwa ba, ba su san ƙasar da suke takawa ba, suka auka cikin magudanar Oke-Afa da ciyawar ruwa irin kainuwa ta rufe samanta har ta yi kama da fili. Na baya suka danne na gaba. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna ƙanena da zanen bangonsa, don ciwon ɗaya ne. Jama'ar da ta zauna tun da kwanciyar hankali ta ce in ruwa ne makarantar firamare ta kan tudu za mu, in wuta ce filin idi, ta wannan layin ba ta wancan ba, ba za ta yi irin wannan gudun ba. Haka nan wanda ya san bututun mai ya ratsa ƙarƙashin unguwarsa. A Abule Egba bututu ya kashe sama da mutum 200 a Disambar 2006, ya sake kamawa a Janairun 2020, wata biyu bayan nan aka yi fashewar Abule Ado. In an ga mai na malala, hanyar tsira ita ce wadda ta yi nesa da shi. Majiya ta Jihar Jigawa ta binne sama da mutum 150 a Oktoban 2024 saboda tankar da ta faɗi aka je kwasa, kuma da yawa a cikinmu mun je ta'aziyyar ko mun yi ta ta waya.

Wurin taruwa yana da amfani na biyu, wato ƙirga. A ƙauye mai unguwa ya san yawan mutanen kowane gida. A zango ɗakin mutum biyar yakan kwana da tara, don jiya mota ta sauke baƙi daga gida. In wuta ta cinye layi, wa zai ce saura wane bai fito ba? A Mokwa ta Jihar Neja, bayan ambaliyar ƙarshen Mayun 2025, an tabbatar da rasuwar sama da mutum 150, aka kuma daɗe ana neman wasu da yawa da ba a iya ma tsayar da adadinsu ba. Na san dalilin da ya sa mutanenmu ke gudun a rubuta sunansu. Sun ga an rubuta suna an zo karɓar haraji, sun ga an ƙirga rumfuna an turo katafila. Tsoron ba na banza ba ne. Amma littafin ba sai ya je ofis ba. Ya zauna wurin liman ko shugaban 'yan garinku: suna, gari, lambar wani na gida, ɗakin da ake kwana.

Duk abin nan da na lissafa babu mai tsada a ciki, don haka ba talauci ne ya hana ba. Abin da ya hana shi ne zaman da muke yi da ƙafa ɗaya a mota. Baƙo raɓa ne, in ji mu, gobe zan tafi, me zai sa in yashe kwatar garin wasu? Na san mai wannan maganar da ya shekara ashirin da biyu yana yin ta, 'ya'yansa a nan aka haife su. Kuɗinsa yana gina gida a Arewa, a kan tudu mai kyau da dattawa suka nuna masa, shi kuma yana kwana a hanyar ruwa wata goma sha ɗaya a shekara. In ka matsa masa sai ya ce, "Malam, abin da Allah ya rubuta ba makawa." Haka ne. Amma wanda ya zo da addinin cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, Annabi Yusuf kuma shekara bakwai ya yi yana tara hatsi don yunwar da bai gani ba tukuna.

Ban ce gwamnati ta fita ba. Fadamun da ya kamata su shanye ruwa an cike su da yashi an yi gidajen masu hali, manyan magudanu ba a yashe su yadda ya kamata, in an tashi rusau kuma talaka ake fara ji. Hana amfani da robar zuba abinci ta soso da aka yi a Janairun 2024 ya dace, don ita da ledar ruwa ne ke shaƙe kwatoci. Sai dai kwandon ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji da ake juyewa a kwata in kasuwa ta tashi, wannan ba daga Alausa, mazaunin gwamnatin jihar, aka aiko shi ba.

Bayan ruwa ya janye ma ba a gama ba. Masai da rijiya sun riga sun gauraya, mai ruwa kuma daga nan zai cika jarkokinsa ya zagaya gari. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024 ta taɓa ƙaramar hukumar Kosofe sosai, inda Mil 12 take. Tafasa ruwan sha na 'yan makonnin nan, da ajiye gishiri da sukari na mai gudawa, da cire layin lantarki kafin a taka ɗakin da ruwa ke kwance, su ne ke raba wanda ya yi asarar katifa da wanda aka kai gida a makara. Kuɗi kuwa, wanda jarinsa ke cikin matashin kai, ruwa da wuta duk sun san wurin. Adashin da ake zubawa don hidimar salla, in aka ware wani abu daga ciki don wanda gobara ta tashi, ba sai an bi layi da faranti ana neman taimako ba.

Ƙanena dai ya tsira da wayarsa da katin shaidarsa, don tsohuwar nan ta sa shi ya ƙulle su a leda ya rataye a ƙusa tun cikin Satumba. Katifa da buhun shinkafar da suka haɗa kuɗi suka saya sun tafi. Sun yi sati uku suna kwana a barandar wani shago a kasuwa, daga nan suka koma wajen Ketu. Na bi ta layin a watan Disamba. Mai gidan ya yi wa ɗakin sabon fenti shuɗi, zanen ya ɓace, wasu samari uku da suka sauka daga Gumel a satin suna shigar da tabarmi. Na tsaya na yi musu sallama, na tambaye su ko sun san sunan kogin da ke bayansu. Babban cikinsu ya waiga ya ce, "Baba, akwai kogi a nan?"